Shirinku ya manta da marina

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na daren Laraba daga farko har ƙarshe, kuma da ɓacin rai na kwana. Baƙon da kuka gayyato ya ɗauki kusan rabin sa'a yana faɗa mana cewa duk mai son suturar da ba ta cutar da ƙasa da ruwa, to ya riƙa duba tambarin da kamfanonin Turai ke liƙawa a wuyan riga, kamar a can aka fara sanin wannan al'amari. Ko sau ɗaya bai ambaci marina ba, mai gabatarwa kuma bai tuna masa ba, alhali karofin Ƙofar Mata, wato ramukan rini, yana nan a Kano tun shekarar 1498, har yau kuma ana rini a cikinsa.

Ni ɗan marina ne, a Kura aka haife ni, garin da Buzaye ke tasowa tun daga Agadas don sayen turkuɗinsa. Na tashi na ga mahaifina yana haɗa karofi da baba, wato tsiron da ke ba da shuɗi, da toka da katsi, wato ƙonanniyar lakar karofi, ba ya ƙara komai a kansu. Baban nan a gonarmu ake shuka shi, da takin shanun da Fulani ke bari idan sun sauka bayan girbi, ba a taɓa yi masa feshi ba. Idan aka haɗa, sai a bar shi kwanaki ana motsawa da dogon itace har kumfa ta taso, sannan a tsoma ƙyalle. Yakan fito kore, yana shan iska sai ya koma shuɗi a kan idonka. Idan ruwan ya mutu ma ba a asara, domin lakar da ta kwanta a ƙasa ita ake kwashewa a ƙona, ta sake zama katsi. Wane tambari ne zai koya wa irin wannan mutum tattalin ƙasa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halin da muke ciki yanzu, wanda shi ya kamata ku tattauna. Cikin karofi bakwai da mahaifina ya bari, biyu kaɗai ke aiki, sauran an cike su da shara. Samarin unguwarmu sun koma rinin bature a cikin rabin ganga, suna haɗa shi da soda mai cin fata, idan sun gama su tuttular da ruwan a kwata, ya gangara inda yara ke wasa da dabbobi ke sha. Na ga hannuwan ƙanena sun tsattsage saboda wannan aiki, kuma ban ga laifinsa ba, domin mai saye a Kantin Kwari araha yake nema, ba ya tambayar da me aka rina. Audugar da a da ake kawowa daga Funtua da Gusau ta ja baya tun da masaƙun Kaduna suka rurrufe, sai ga shi yadin waje muke rinawa, gwanjo kuma ya cika kasuwa.

Ina roƙonku ku sake shirin, ku zo da marini da manomin auduga da mai bugun rinannen yadi, su faɗa wa masu sauraro yadda ake bambance rinin baba da na bature tun daga ƙamshinsa, da kuma dalilin da ya sa kuɗinsa ya ɗara. Mutanenmu ba za su ƙi ƙara kuɗi ba idan sun san inda kuɗin zai je.

Sannan ku duba lokacin da kuka mayar da shirin, domin yana cin karo da sallar isha'i, dattawan da suka fi kowa sanin wannan sana'a kuwa suna masallaci a lokacin.

Naku mai sauraro,
daga Kura, Jihar Kano.