Ba kowace ƙwayar cuta tsamin ciki ke ƙonawa ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ara min fili in tanka wata magana da ke yawo a majalisarmu, wai duk abin da ka ci da zarar ya faɗa ciki ruwan tsamin nan zai ƙone ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, shi ya sa wani abokina ke kwasar salak ɗin bakin titi ko ɗar ba ya ji, in ka yi magana ya ce ai an matsa lemun tsami.

Ni a lab nake aiki, kuma gaskiya tsamin ciki ba wasa ba ne, yana kashe da yawa. Amma akwai masu taurin kai, babbarsu Helicobacter pylori mai haddasa olsa. Likitoci biyu a Fas ta ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, da aka ƙi yarda da su sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya raine ta a ciki a 1984, ciwon ciki ya kama shi, daga baya dai aka ba su kyautar Nobel a 2005.

To ya wannan ƙwayar take yi ta tsira daga tsamin? Tana nutsewa cikin yauƙin da ke lulluɓe bangon ciki, ta saki wani sinadari, yuriyas, da ke samar mata da amoniya ya rage kaifin tsamin da ke kewaye da ita. Wannan kowa a makaranta ya haddace shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne tsami yana dagula wa ƙwayar cuta aikin cikinta har gubar oksijin, wato wani nau'in oksijin mai lahani, ta taru mata, ga kuma fararen ƙwayoyin jininmu suna yi mata ruwan irin wannan gubar. A nan ne take fito da wasu sinadarai masu shara guda biyu, sufa'oksayid dismutas ya mayar da gubar ta zama haidurojin feroksayid, haidurojin ɗin nan dai wanda ake wanke rauni da shi a kemis, sai katalas ya farfasa shi ya koma ruwa da iska kawai. Kumfar nan da kake gani in an zuba haidurojin a kan rauni, aikin katalas ne. Mu ma haka muke gwadawa, a lakato ƙwayar a shafa kan gilashi a ɗiga haidurojin, nan take ka ga tana tsatsafo da kumfa kamar an buɗe lemon kwalba.

Mahaifiyata ta yi shekaru tana shan farin ruwan maganin olsa, an hana ta yaji an hana ta tsami, azumi ma da ƙyar, kowa na cewa yunwa ce ta jawo mata. Sai da aka yi gwajin bayan gida aka ga wannan ƙwayar, likita ya haɗa mata magunguna na sati biyu. Bana da yajin daddawa ta sha ruwa.

Naku,
Wani ma'aikacin lab daga Zariya