Rusau ba ya rage mutanen Legas, gefe kawai yake tura su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda birnin Legas yake ta faɗaɗa ba tare da tsari ba, da irin ɗawainiyar da hakan ya ɗora wa talakawan da ke ciyar da shi, waɗanda mutanenmu na Arewa suke da yawa a cikinsu. Ni haifaffen Agege ne. Fataucin goro ne ya kawo kakana bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, ni kuma albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 fiye da shekara ashirin.

Abu na farko da ke ɗaure mini kai shi ne babu adadin mutanen Legas da kowa ya yarda da shi. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa, ta ce sun haura miliyan 17, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba. Ga shi Legas ce mafi ƙanƙantar faɗin ƙasa a cikin jihohi 36, kuma wani babban yanki nata ruwa ne da fadama. Da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991, an yi zaton cunkoson zai lafa, amma tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da bankuna da masana'antu ba su bi ma'aikatun gwamnati ba, saboda haka masu neman abinci ma ba su fasa zuwa ba.

Shekara uku da suka wuce magada suka sayar da gidan da muke haya a Agege, irin gidan nan mai ɗakuna a jere suna fuskantar juna, wanda iyalai goma sha ɗaya muke ciki. Wanda ya saya ya rushe shi, ya gina bene na masu hannu da shuni. Na yi wata biyu ina neman ɗaki biyu a unguwar da aka binne mahaifina, ban samu wanda aljihuna zai ɗauka ba. Gaskiya ne dokar haya ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma idan aka haɗa la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya da kuɗin ajiya na ɓarna, sai ka ga dokar ba ta rage maka komai ba. Daga ƙarshe na kwashe iyalina zuwa Ibafo a Jihar Ogun. Yanzu ƙarfe huɗu da rabi na dare nake fita, sallar asuba ma sau da yawa a kasuwa nake yin ta, domin duk wanda ya makara to doguwar gadar nan ta kusa da Kara za ta cinye masa safiyarsa.

Ba ni kaɗai ba ne. Mowe da Ibafo da Magboro da Akute da Sango-Ota duk sun cika da mutanen da suke kwana a Ogun, su wuni a Legas, kamar yadda ɓangaren Ajah da Sangotedo yake ta miƙewa zuwa Ibeju-Lekki, inda matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suke. A yawancin waɗannan wurare gida ne yake riga hanya zuwa. Mutum ya sayi fili daga hannun 'yan ƙasa, ya cike fadama da yashi, ya yi gini, ya haƙa rijiyar burtsatse kusa da masai, sannan a fara jiran ranar da za a tuna da unguwar a kawo kwalbati. Fadamar da aka cike kuwa ita ce take shanye ruwan sama tun fil azal. Shi ya sa duk shekarar da aka saki ruwa daga madatsar Oyan, kogin Ogun ya cika ya batse, sai ka ga Isheri da Kara da Owode Onirin a cikin ruwa, mutane suna shiga gidajensu da kwalekwale.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin da hukuma ta fi saurin kai hannu gare shi, wato rusau. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar talakawa ta Maroko, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, yau kuma wurin yana cikin filaye mafiya tsada a ƙasar nan. An maimaita irin haka a Otodo Gbame a 2017. Mutanen da aka tasa ba ɓacewa suka yi ba, kuma mafi yawansu ba su da wani garin da za su koma, sai dai suka matsa gaba suka kafa wasu bukkokin a wata fadamar. Idan ana iya cike teku domin gina sabon birnin Eko Atlantic, ban ga abin da zai hana a tanadi fili mai hanya da magudanar ruwa kafin a aiko da katafila ba. Haka batun acaɓa yake. Ba na musun cewa wasu yaranmu sun yi ganganci a kan titi, amma haramcin da aka ƙarfafa a 2022 a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa, turawa ya yi da su Alimosho da Ikorodu da Ogun, inda rashin hanya ya sa babur ne kaɗai ke shiga lungu.

Ba zan ƙi yabawa inda ya dace ba. Motocin BRT, wato manyan bas-bas masu layinsu na daban a kan titi, da suka fara aiki a 2008 daga ƙofar kasuwarmu zuwa tashar CMS a tsibirin Legas sun sauƙaƙa wa mutane, jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023, na Agbado zuwa Oyingbo da ke tsayawa a Agege kuma a 2024. Sai dai idan na tuna cewa tun zamanin Gwamna Lateef Jakande aka tsara jirgin cikin gari, aka soke shi a 1985, sai in ji takaicin shekarun da aka yi asara. Shi Jakanden a cikin shekara huɗu ya gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a Abesan da Iponri da Amuwo-Odofin, har yau kuma mutane suna cikinsu. Irin waɗannan gidaje ake bukata a kusa da sababbin tashoshin jirgi, na haya mai rahusa, kuma ya kamata yarjejeniyar raya kan iyaka da gwamnonin Legas da Ogun suka sa wa hannu a 2021 ta fito daga takarda mu gan ta a Ibafo.

Mu ma muna da namu laifin. Ɓawon kaya da ledar ruwa da muke zubawa a kwata su ne suke dawo mana cikin rumfa da damina, kuma da yawa daga cikinmu ba su yi rajistar zama mazauna jihar ba, alhali wanda ba a san da shi ba, ba a lissafa shi idan ana rabon makaranta da asibiti. Wannan aiki ne na sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai. Gwamnoninmu na Arewa kuma su sani cewa yaron da ya hau saman tirela daga Zamfara ko Katsina ya yi kwana biyu a hanya, ba sha'awar kwana a ƙarƙashin gada ce ta kawo shi ba. Gonarsa ce ta gagare shi saboda 'yan bindiga, masaƙun Kakuri da masana'antun Sharada da Bompai da za su ɗauke shi aiki kuma yawancinsu sun daɗe a rufe.

An daɗe ana maganar mayar da kasuwar Mile 12 zuwa Imota a yankin Ikorodu. Idan za a yi, to a zauna da 'yan kasuwa da 'yan dako tukuna, a nuna mana hanyar da manyan motoci za su bi, da inda dubban masu sauke kaya za su kwana, da ruwan da za su sha. Ina kuma roƙon ka, Malam Edita, ka turo wakilinka ya tsaya a tashar motar Ibafo da ƙarfe biyar na asuba ranar Litinin, ya tambayi mutanen da ke layi unguwar da suke zaune shekara biyar da suka wuce.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwar albasa, Mile 12, Legas