Barka da Sallah daga Brno

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Mama da Baba da dukkan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Babbar Sallah, da fatan an sauko daga idi lafiya, an kuma yi layya lafiya. Mu ma mun yi idi a masallacinmu na Brno, ɗan ƙaramin gini mara hasumiya, kuma ana sallamewa kowa ya kama hanyar wurin aikinsa, domin a ƙasar Cek yau ranar aiki ce kamar kullum.

Na sayo naman rago a shagon halal na soya, amma Mama, ko kusa bai kama ƙafar naku ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne suyar kayan ciki ta yammacin Sallah, wadda ake yi a babbar tukunya a kan murhun itace da kitsen ragon kansa, ga hanta ga ƙoda ga tumbi, Goggo tana tsamewa tana barbaɗa yaji, yara sun kewaye ta kowa ya miƙo hannu, hayaƙin babbakar kai da ƙafa ya cika tsakar gida. Ina cikin juya nawa a kan murhun lantarki hawaye suka ƙwace mini, kuma a haka tsohuwar da muke maƙwabtaka ta same ni da ta zo karɓar kason da na yi mata alkawari.

Ta zaunar da ni, ta ce a garin nan ba a jin kunyar kuka, domin wata 'yar garin ta taɓa yin nata duniya tana kallo. Sai ta nuna mini bidiyon a wayarta, ta ba ni labarin Jana Novotna, 'yar wasan tanis da aka haifa a Brno a 1968. A 1993 ta kai wasan ƙarshe na gasar Wimbledon a Landan, inda ta kara da Steffi Graf ta Jamus, wadda ita ce ta ɗaya a duniya a lokacin. A zagaye na uku, wato na yanke hukunci, Novotna tana gaba da 4 da 1, nasara tana daf da hannunta, sai hannun ya fara rawa, ta sha kaye a wasa biyar a jere. Wajen ba da kyauta ta kifa kanta a kafaɗar matar Yariman Kent ta gidan sarautar Ingila ta fashe da kuka, matar tana lallashinta. Wallahi na ji tausayinta kamar 'yar'uwata.

Ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1997, Martina Hingis mai shekara 16 ta doke ta. Sai a karo na uku, a 1998, tana da shekara 29, ta yi galaba a kan Nathalie Tauziat ta Faransa, kuma matar nan da ta lallashe ta ita ce ta miƙa mata farantin zakara. A shekarar ne ma aka buɗe masallacin da na yi idi a cikinsa yau. Salon wasan Novotna na kasada ne, tana buga ƙwallo sai ta ruga gaban raga ta tari abokiyar karawarta. Kafin ta yi ritaya a 1999 ta lashe gasa 24 ita kaɗai da 76 a wasan bibbiyu, ɗari cif ke nan, ban da lambobin Olamfik uku.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne komawarta gida. Bayan shekaru a Amurka ta dawo ta zauna a wani ƙauye kusa da Brno, har wata yarinya mai shekara 18, Barbora Krejcikova, ta zo ƙofarta da wasiƙa tana neman shawara, ita kuwa ta karɓe ta ta horar da ita. Cutar daji ta yi ajalin Novotna a 2017 tana da shekara 49, a gida cikin danginta, yarinyar kuma ta ci Wimbledon a 2024. Tun da na ji haka nake ƙirga watannin da suka rage mini.

A gaishe mini da Baffa da Kawu da iyalansu, da Yaya Babba da amaryarsa. Hajiya Kaka kuwa a durƙusa mata a madadina, a ce mata zanen da ta ba ni shi na ɗaura yau, kuma ina shan maganin sanyin da ta ƙulla mini. A gaida Goggo, a karanta mata inda na ambace ta. Auta ta sani ban manta da barka da Sallarta ba, kuma idan tana son shawara a kan karatu ta rubuto mini wasiƙa da hannunta, zan amsa. Mama, don Allah a keɓe mini kaso a cikin suyar gobe a yi mini dambun nama, a ajiye har a sami mai tahowa.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana.

'Yarku mai kewarku,
daga Brno.