Godiya ta musamman ga shagon gyaran rediyo na Kasuwar Dole

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da duk wanda wannan takarda ta iske.

Na daɗe ina so in rubuta godiyar nan amma aiki bai bar ni ba, yau dai na ce ko me ake ciki sai na sauke nauyin da ke kaina. Godiyar tawa zuwa ga wani ƙaramin shagon gyaran rediyo da kayan sauti ce a cikin Kasuwar Dole, ba zan faɗi sunan mai shagon ba don shi da bakinshi ya roƙe ni kar in yi, amma duk wanda ya saba shiga layin masu gyara ya san wurin da nake nufi, inda aka rataye wani tsohon Walkman, ƴar na'urar jin kaset ta aljihu, a bakin ƙofa. Malam, kai da yaranka biyu, Allah ya saka muku da alheri.

Bari in fara daga tushe don jama'a su gane dalili. Babanmu ya rasu shekara 6 ke nan, Allah ya jiƙanshi, cikin abin da ya bari akwai wani akwatin ƙarfe mai kaset 23. Wasu karatunshi ne na Alƙur'ani da yake ɗauka bayan asuba cikin azumi, wasu kuma hawan salla ne da ya je ƙofar fada a Birni ya tsaya da rikodarshi a hannu ya ɗauko kakaki da algaita da tambari, akwai guda ɗaya ta bikin yayata. Innarmu ba ta taɓa daina tambayar kaset ɗin nan ba. Wata shekara na ba wani yaro guda 3 ya juye mini, ya kara salula a bakin sipika ya ɗauka ya turo ta WhatsApp, da na kunna ma Inna ta saurara kamar minti ɗaya sai ta miƙo mini wayar ta ce wannan ba muryar Malam ba ce, Baba take nufi. Kuma gaskiyarta, kamar mutum ya sa kai cikin randa yana magana haka abin ya fito. Tun ranar na rufe akwatin na ajiye.

Abin da ya kai ni shagon ma ba maganar kaset ba ce. Aikina yana yawan kai ni Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce ta Maradi da Konni da Dosso, wuni guda cur mutum yana zaune cikin bas, to ni saurare ne abokin tafiyata. Na sayi memuwar a hannun wani mai talla a tasha an rubuta giga 128 a jikinta, duk abin da na zuba sai rabi ya ɓace. Na kawo ma Malam, ya sa ta a kwamfuta ya gwada ya juyo mini da allon ya ce ɗan'uwa giga 8 ce aka yi mata ƙarya a rubutu, kar ka ƙara zuba abin da kake so a ciki. Bai karɓi ko dala ba. Muna cikin hira ya ga ekutar ɗin da ke wuyana ya tambaye ni me nake saurare, daga nan magana ta buɗe.

Ya jawo durowa ya fiddo wata ƴar na'ura, girmanta bai kai salula ba amma ta fi ta kauri da nauyi, ya ce su baladar suke ce mata, aikinta ɗaya tak, sauti. Ba kira ba Facebook ba komai. Ya goge wani ekutar nashi ya ba ni, ya ce rufe ido. Ya kunna mini karatu guda amma sau 3, bai gaya mini wanne ne wanne ba. Na farko na ji shi yadda na saba ji. Na biyu ya fi shi haske. Na uku, wallahi na ji inda mai karatun ya ja numfashi kafin ya shiga aya, na ji muryar ta bugi bangon masallaci ta dawo, har wani tari can baya cikin sahu na ji. Da na buɗe ido ya tambaye ni, na ce tsakanin na farko da na uku ko yaro ya san da bambanci, amma tsakanin na biyu da na uku ba zan iya rantsuwa ba. Ya yi murmushi ya ce ka faɗi gaskiya, mutane da yawa ba sa iya rabewa, kuma duk wanda ya ce maka dole sai na uku ko mai tsada kuɗinka yake so. Nan take mutumin ya shiga raina, don ɗan kasuwa ne da kaya a hannu, da ya so da ya zuga ni.

Sai ya zaunar da ni kan benci ya yi mini bayani tiryan-tiryan, kuma ina so in maimaita shi nan don ƴan'uwa su amfana. Na farkon MP3 ne mai 128, wato kilobit 128 a kowane sakan, wanda aka matse shi aka zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya yi ƙarami, minti ɗaya bai fi mega 1 ba. Na biyun MP3 ne mai 320. Na ukun FLAC ne, shi ma an matse shi amma ba a zubar da komai ba, kamar ka ninke riga ka sa a jaka, in ka warware ta rigarka ce cif. Sautin faifan CD kuwa ana auna shi sau 44,100 a kowane sakan, minti ɗaya yana cin kusan mega 10, FLAC yakan rage shi zuwa wajen rabi. Shi kuwa abin da aka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp an riga an matse shi sosai don magana aka yi shi ba don kiɗa ko ƙira'a ba, in aka yi ta juya waƙa daga wannan siga mai zubar da sauti zuwa wata irinta kowane juyi da abin da yake ɓacewa, kuma abin da ya ɓace ba na'urar da za ta dawo da shi ko ta miliyan nawa ce.

Ita na'urar kuma ya nuna mini abin da ya raba ta da salula. A ciki akwai wani ɗan guntu da ake ce ma DAC, shi ke karɓar lambobin da ke cikin fayil ya mai da su igiyar lantarki da kunne zai ji, bayanshi akwai amfili mai tura sautin zuwa ekutar. Salula ma tana da su amma an cusa su ne tare da rezo da allo da kamara, kowa na jan kuran daga batir guda, ita kuwa wannan an gina ta ne kacokan don waɗannan biyun. Ya ce shi ya sa in karatu ya tsaya tsakanin aya da aya za ka ji shiru na gaske, ba wannan ɗan "sssss" da muka saba da shi har muka daina lura ba. Ya kuma ɗauko wani babban kas, ekutar na kai mai rufe kunnuwa, mai om 300 (om ma'aunin yadda yake tauye wutar da ke shigarshi ne) ya sa a wayata, sauti ya fito siriri kamar mai jin yunwa ko da na ƙure ƙara, ya mai da shi jikin na'urar sai ga ganga ta cika kunne. Ekutar na yau da kullum om 16 zuwa 32 ne, shi ya sa waya ke iya tura su.

Ƙirar jikinta ma abin a tsaya a kalla ne. Alminiyam ne ba roba ba, in ka riƙe ta da safe cikin hunturu sanyinta har cikin tafin hannu. A gefe akwai ɗan gare na ƙara, kana murza shi kana jin ƙas-ƙas a ɗan yatsa, kowane ƙas mataki ɗaya, ga maɓallai 3 na gaske na tsayawa da gaba da baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiyar dare, tana cikin aljihun riga za ka lalubo ka danna ba sai ka fiddo ta haske ya tada na kusa da kai ba. Tana da ramin ekutar biyu, ƙaramin na milimita 3.5 da kowa ya sani da wani mai faɗi na 4.4, ga wurin memuwar. Malam ya ce tun da Apple suka cire ramin ekutar a iPhone 7 a 2016 kamfanoni da yawa suka bi sahu, shi ya sa masu son ekutar mai igiya suka koma neman irin waɗannan. Ya nuna Walkman ɗin bakin ƙofa ya ce kakansu ke nan, Sony ta fara fiddo shi a Japan a 1979, iPod ya zo a 2001 ya yi zamaninshi har aka daina yin shi a 2022, yanzu kuma su FiiO da Shanling na Sin da Astell&Kern na Koriya ta Kudu da ita Sony ɗin kanta su ke riƙe da wannan fanni. Mutumin nan ko lakkol mai nisa bai yi ba amma ya san sana'arshi ciki da bai.

Akwai guda biyu a durowar, sabuwa mai tsada da wata FiiO ta hannu da ɗan ƙarce a baya. Na nuna sabuwar. Ya ce a'a, da irin ekutar ɗin da za ka riƙa sawa da hayaniyar bas ba za ka ji bambancin kuɗin ba, ɗauki ta hannun ka ƙara abin da ya rage ka sayi ekutar mai toshe kunne da kyau da memuwar ta gaskiya. Haka aka yi. Ya canza mata batir a gabana, ya gargaɗe ni kar in bar ta cikin mota ko bakin taga lokacin bazara don zafinmu na Afrilu da Mayu da ke haura 40 yana kashe batir yana kumbura shi, ya yanko mini ɗan toshi na roba na rufe ramukan saboda ƙurar hunturu. Ya kuma ja mini kunne kan ƙara, ya ce in kana ji har na kusa da kai yana jin abin da kake ji to ka yi yawa, kunne in ya tafi ba ya da sipiya.

A nan ne na tuna da akwatin Baba, na faɗa mishi cikin sanyin jiki don na riga na fid da rai. Ya ce kawo.

Wannan aikin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sati 3 ya yi a kai, kuma na zauna na ga wani ɓangare da idona. Ya fiddo wata tsohuwar dek ta kaset ya canza mata robar da ke juya ta don ta saki, ya goge kan da ke karanta zaren kaset da auduga da alkol har audugar ta yi ja da dattin shekaru. Kowace kaset sai ya sa biro ya juya ta a hankali daga farko har ƙarshe kafin ya yarda ta shiga inji, wai don in zaren ya manne kar inji ya fizge shi. Guda biyu zarensu ya tsinke, ya kwance sukurorin ya ɗauke zaren da hantsaki ya mai da shi cikin sabon gida ya haɗa bakin da ɗan salatif siriri, hannunshi ko rawa ba ya yi. Abin da ya fi ba ni mamaki, akwai wani ɗan sukuru a gefen kan mai karanta zaren, ya sa kas a kunne yana murza shi kaɗan-kaɗan da siririn turnabis, muryar tana dishi-dishi sai kawai ta washe kamar an ɗaga labule. Ya ce kowace rikoda da yadda kanta ya karkata, sai ka daidaita naka da na wadda ta ɗauka. Daga dek ɗin ya ja igiya kai tsaye zuwa kwamfuta, ba ta iska ba, ya ajiye su a FLAC. Da ƙaramin yaronshi ya ce a sa manhaja ta share shuuu ɗin kaset gaba ɗaya, Malam ya ce a rage kaɗan dai, in aka share duka za a tafi da numfashin dattijo. Kuma ya gaya mini gaskiya cewa kaset kaset ce, ba za ta koma kamar CD ba, kuma guda 4 danshi ya riga ya cinye su ba abin da zai iya yi, bai caje ni kuɗinsu ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na kai ma Inna. Tana zaune kan tabarma a tsakar gida tana tsince wake, na durƙusa na sa mata ekutar da hannuna na danna. Hannunta ya tsaya cikin faranti. Can sai ta ce "ga zakaran nan", ashe a bayan karatun ana jin zakaranmu na lokacin yana cara, ana jin ƙarar buta da ta ajiye a ƙofar ɗaki, ita da kanta, shekara sama da 30 da suka wuce. Ta ce wannan shi ne, wannan Malam ne. Ba ta cire ba har aka kira magariba, hawaye na zuba tana bin karatun da leɓe. Yayata kuma da ta ji ta bikinta sai da ta gano muryar gwaggonmu cikin masu guɗa. Ta hawan salla kuwa ni na fi sa ta a hanya, in kakaki ya tashi sai tsikar jikina ta tashi, ina cikin bas wajen Konni amma ji nake kamar ina ƙofar fada a kafaɗar Baba.

Malam, na san ka ce aikinka ne kuma an biya ka, amma abin da na ba ka bai kai rabin wahalar da ka sha ba, ga shi ka raba mini fayil ɗin wuri biyu ka ce in ajiye ɗaya a gidan yayata saboda tsaro. Yaran shago ku ma na gode da shayi da haƙurin da kuka yi da tambayoyina. Jama'ar Zengo da Birni da Sabon Gari da Garin Malam, duk mai tsohuwar kaset ta iyaye a ƙarƙashin gado ya fiddo ta tun zafi da danshi ba su gama da ita ba, ya nufi layin masu gyara ya nemi shago mai Walkman a ƙofa. Kawuna ma ya ji labari ya aiko da nashi guda 9 daga Mirriya, in Allah ya kai mu Alhamis ina tafe da su.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ido da hannu da kunne, ya jiƙan iyayenka kamar yadda ka mutunta muryar namu. Amin.

Naku,
wani ɗan Zengo, Damagaram