Wasiƙa ga aminina mai shirin tahowa Jamus

Hamburg, Jamus

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da su Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton tikitin. Barka da samun biza, Allah ya sa a zo a sa'a. Ka ce in bayyana maka yadda hanyar take, tunda iyakar tafiyarka Kano zuwa Jidda ce kai tsaye, ba ka taɓa canjin jirgi ba. Na ga gara in rubuta, ka samu abin dubawa a hanya.

Tikitinka ya nuna Kano zuwa Addis Ababa, daga nan Frankfurt, sannan Hamburg. Jirgi uku a tikiti ɗaya, kuma ka kyauta da ka yi haka. Da ka bi ta ejan ɗin nan ka yanki tikiti daban-daban don neman sauƙi, jirgin farko na yin latti na biyun ya tafi da kuɗinka, babu mai saurarenka. A tikiti ɗaya kuwa, kamfani ne zai nema maka wani jirgin. Hanyar Landan ma da ejan ɗin ya kawo maka, ka huta da ka bar ta. Mai fasfon Najeriya sai da bizar wucewa ta Birtaniya ko da ba zai leƙa waje ba, kuma bizar ziyara ta Schengen (ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya, har da Jamus) da ke hannunka ba ta isar maka a can.

A filin Malam Aminu Kano, sa'ad da aka auna akwatinka, ka tsaya ka ga takardar da aka ɗaura masa da idonka. Ta nuna HAM, alamar Hamburg ke nan. Za a manna maka 'yar ƙaramar shaida a fasfo ko a katin shiga jirgi, ka ƙirga, yawanta ya zo daidai da yawan akwatunanka. Ba na faɗin wannan don tsoratarwa. Ka tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwayoyi da aka sa wa sunanta ba ta sani ba, sai a 2019 aka sako ta. Batun saƙo kuma, na san da wuya ka ce wa mutum a'a, amma abin da ba ka buɗe ka gani ba kada ya shiga kayanka, ko na wane ne. Ka ɗora mini laifin, ka ce ni na hana.

Addis ba ta da wahala. Ba za ka je wurin jami'an shige da fice ba, domin ba shiga ƙasar za ka yi ba. Ka bi ayarin masu canjin jirgi, a sake caje ku, ka nemi lambar jirginka a allo. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ka gyara naka tun a sama. Garin a kan tudu yake, sama da mita 2,300, jiragen Turai kuma wajen tsakar dare suke tashi, don haka rigar sanyi ta kasance a jakar hannu. Akwai wurin salla, ka yi Magariba da Isha a natse.

Frankfurt ce wurin aiki, a nan nake so ka tattara hankalinka. Mutane da yawa suna ɗauka sai inda tafiya ta ƙare ake duba fasfo. A ƙasashen Schengen, filin da ka fara sauka shi ne iyaka, jirgin Frankfurt zuwa Hamburg kuwa tamkar na Kano zuwa Abuja ne. Za ku sauka da asuba, ga gajiya ga barci, kuma awa biyun da tikitinka ya ba ka ba ta da yawa, filin ƙato ne. Kada ka tsaya shan shayi, kada ka nemi akwatinka, shi zai wuce Hamburg da kansa. Ka dubi allo, ka ga harafi da lambar ƙofarka, ka bi kibiya. A wurin fasfo layi biyu ne, na 'yan Tarayyar Turai da na sauran jama'a, namu shi ne mai tsawon.

'Yan sandan tarayya ne ke zaune a wurin. Tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsari na ɗaukar hoton fuska da duba zanen yatsu a na'ura, don haka kada ka yi mamaki in an ce ka kalli kyamara ko ka ɗora yatsu. Tambayoyinsu ba sa wuce me ya kawo ka, kwana nawa, ina za ka sauka, wa zai ɗauki nauyinka, yaushe za ka koma. Biza ba ta tilasta musu su bar ka ka shiga, suna da ikon neman hujja. Saboda haka takardar gayyata, da tikitin komawa, da inshorar lafiyar nan ta Yuro 30,000, da adireshina da lambata, duk ka buga su a takarda ka riƙe a hannu tare da katin rigakafin shawara. Waya tana mutuwa a lokacin da aka fi bukatarta.

Ga wani abu da ke cutar mutanenmu. Mu an rene mu da sunkuyar da kai gaban mai iko, da doguwar gaisuwa, da kewaye kafin a kai ga magana. Bajamushe yana ganin wanda ya ƙi haɗa ido da shi sai ya zaci akwai abin da yake ɓoyewa. Ka gaishe shi da kalma ɗaya, ka dube shi, ka amsa abin da ya tambaya, ka yi shiru. Ranar komawar da ka faɗa ta zama ita ce a tikiti. In ba ka gane tambaya ba ka ce ya maimaita, kada ka ce "eh" don kunya. In kuma aka ce ka koma gefe, ba kamu ba ne, ƙarin tantancewa ne, ka zauna ka jira. Na goro kuwa, ko da wasa kada hannunka ya je aljihu, a nan laifi ne da ke kai mutum kotu.

Akwai kuma binciken jakar hannu, wanda za ka sake yi a Frankfurt duk da an yi a Kano da Addis. Duk wani abu mai ruwa ko maiƙo kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, a haɗa su a leda ɗaya mai nuna ciki. Dokar ta samo asali ne daga 2006, lokacin da aka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa a Landan, har yau kuma muna biyan bashinta. Na san ka da turare. Manyan kwalabe su shiga akwati, in ba haka ba kana kallo za a jefa su a kwandon shara, kuma roƙo ba ya aiki. Ruwan da aka ba ka a jirgi ma ka shanye kafin layi. Fawabanki akasin haka ne, a jakar hannu yake tafiya, ba a yarda da shi a akwati ba. Babbar riga ka ninke ta sai ranar taro. Na'urar haska jiki ba ta jituwa da yalwar yadi, sai ta yi ta nuna alama a yi ta lalube ka. Kaftani mara nauyi ya isa, aljihu fayau, agogo da bel da tsabar kuɗi a tire, hula ma in an ce ka cire ka cire.

Kwastan na akwati sai a nan Hamburg, bayan ka ɗauke shi. Ƙofa biyu ce, koriya ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Kuɗin da ya kai Yuro 10,000 dole a bayyana shi tun a Frankfurt, ko da yake na san malamin makaranta bai da wannan matsalar. Abin da zai ba ka haushi, ni ma ya ba ni, shi ne kilishi. Nama da duk abin da aka yi da madara haramun ne shigo da su Tarayyar Turai daga waje, saboda cututtukan dabbobi. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk ka ba Hajiya haƙuri. Kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa ka ɗaure su da kyau, ka rubuta sunan kowanne a jiki da Turanci, domin garin da ba shi da suna yana jawo tambaya. Maganin hawan jininka ya zauna a kwalinsa na asali, da takardar likita.

Kana shiga Frankfurt akwai intanet kyauta, ka turo mini saƙo da zarar ka wuce wurin fasfo, in san lokacin da zan fito. Zan tsaya a bakin ƙofar fita da jaket, don wadda za ka saya a Kantin Kwari ba za ta yi maka komai a nan ba. Ka gaida mutanen majalisa, ka ce wa Hajiya a sa mu a addu'a. Allah ya kawo ka lafiya.

Naka,
amininka na Hamburg