Wasiƙar godiya ga masu shagon gyaran kwamfuta na saman bene, layin Otigba, Ikeja

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Injiniya, kai da abokan aikinka da yaran shago, ina gaishe ku da aiki, da fatan kasuwa tana albarka.

Na rubuto ne a madadin kwamitin makarantarmu ta Islamiyya da boko da ke Agege. Mun riga mun yi muku godiya baki da baki, amma kwamiti ya ce a sa ta a fili, domin akwai makarantu irin tamu a Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da ke cikin halin da kuka fitar da mu, wato amfani da manhajar kwamfuta da aka kwafa ba da izinin masu ita ba, kuma ba su san akwai mafita ba. Ka roƙe ni kada in sa sunanka, na kiyaye. Wanda yake neman shagon ya zo makaranta, za mu sa yaro ya raka shi.

Kwamfutocinmu 14 ne, dukkansu tokumbo. Wani bawan Allah dillalin albasa ne ya saya mana su, saboda tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma mun ga yara masu ƙoƙari suna faɗuwa don kawai hannunsu bai saba da linzamin kwamfuta ba. Injinan sun tsufa amma suna da rai. Matsalar tana cikin abin da aka loda musu. Duk mai gyaran da muka kira sai ya zaro faifai ko filashi daga aljihu, ya zuba mana kwafin manhajar Windows da aka fasa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan 'yan watanni rubutu ya fito a kusurwar allo cewa kwafin ba na gaskiya ba ne, ƙwayar cuta ta shiga, sakamakon jarrabawar yara ya ɓace, mu sake kiran wani. Ɗaya daga cikinsu har kalmar sirri ya sa bai gaya mana ba, ko firinta za mu haɗa sai an nemo shi.

Abin da ya fi damun mu kuwa wani ne daban. Malamin da ke koyar da fiƙihu ya tayar da maganar a taron malamai, ya ce da safe muna karantar da yara cewa haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, da rana kuma mu zaunar da su gaban kayan da muka san ba mu biya masu shi ba. Ya tuna mana cewa majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare. Dokar ƙasa ma haka ta ce: dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Babu wanda ya musa masa a taron. Sai dai kuɗin lasisin kwamfuta 14 ya fi ƙarfin makarantar da wasu iyayenta ke biyan kuɗin zango kashi-kashi. Ga shi kuma an daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana bukatar wani ɗan guntun tsaro da injinanmu ba su da shi.

Da wannan damuwa muka hau benenku, niyyarmu mu tambayi farashi kawai. Ka saurare mu har muka gama, sannan ka ce, "Baba, akwai manhajar da masu ita da kansu suka rubuta izinin a kwafa ta a raba. Ba sata ba ce, kuma ba alfarma ba ce, a rubuce yake." Ka juyo da kwamfutar da ke gabanka, ka buɗe takardar lasisin, ka bi ta da mu sakin layi bayan sakin layi kana fassarawa da Hausa, kwastomomi suna shiga suna fita, janareton maƙwabta yana ruri. A ranar ba ka sayar mana da ko waya ɗaya ba.

Ina so in maimaita abin da ka koya mana, domin shi ne amfanin wannan wasiƙa ga wanda bai sani ba. Kowace manhaja tana da asalin rubutunta, wato jerin umarnin da masu ita suka rubuta da hannunsu kafin a mayar da shi abin da na'ura ke ganewa. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu, su ba ka izinin amfani kawai. A wajajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman ya so ya gyara manhajar firintar ofishinsu da ke yawan cije takarda, aka hana shi asalin rubutun. A 1983 ya shelanta aikin GNU, na gina manhajar da kowa zai iya kwafa ya gyara, a 1985 ya kafa gidauniyar da ke kula da shi, a 1989 kuma lasisin GPL ya fito. An sabunta shi a 1991 da 2007. Lasisin ya ba duk wanda manhajar ta zo hannunsa dama huɗu: ya yi aiki da ita a kan duk abin da ya ga dama, ya duba cikinta ya canza, ya kwafa ya ba wani, kuma ya raba wadda ya gyara. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, manhajar da ke tafiyar da ita kanta kwamfutar, shekara ɗaya bayan nan ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi. Ka ɗaga wayata ka ce ita ma Android ɗin da ke cikinta a kan Linux aka gina ta. Ashe mun daɗe muna riƙe da abin a aljihu.

Sharaɗin da ke cikin lasisin shi ne ya ja hankalin malaminmu na fiƙihu, har ya sa ka maimaita shi. Idan ka gyara manhajar don amfanin gidanka, babu wanda zai tilasta ka nuna wa kowa. Amma ranar da ka ba wani, dole ka ba shi tare da asalin rubutun, kuma da irin damar da kai ka samu. Ba ka da ikon karɓa a buɗe ka miƙa a rufe. Malam ya yi shiru, sannan ya ce wannan ya yi kama da rijiyar waƙafi: kowa ya ɗebi ruwa, wanda ya so ya yashe ta ko ya ɗaure mata baki ya yi, amma babu mai kewaye ta da katanga ya sa ƙofa. Kai kuma ka ƙara da cewa mai manhajar bai saki haƙƙinsa ba, yana nan a hannunsa, da shi ne ma yake tilasta wannan sharaɗi a kotu idan wani ya karya. Ni dai a ganina wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin dokar da aka saba amfani da ita wajen hana kwafa ita ce aka juya ta zama mai tsaron damar kwafa.

Kun sa mana Linux Mint mai sauƙin nauyi a madadin Windows, da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Firefox na shiga intanet, da VLC na sauraron karatu. Injinan da a da sai yaro ya kunna ya je ya yi alwala ya dawo, yanzu suna tashi kafin ya gyara zama. Mun biya ku ladan aikinku cif, kun ba mu rasit, kuma ka bayyana mana cewa lasisin bai hana karɓar kuɗi ba, ko na aiki ko na kwafin kansa. Abin da ya hana shi ne a ɗaure hannun wanda aka ba.

Inda muka ga amfanin damar gyara da idonmu shi ne wajen haruffan Hausa. Shekara da shekaru malamanmu suna buga takardun jarrabawa babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai an fitar da takarda a bi ta da biro ana lanƙwasa kawunan haruffa. Yarinyar nan ta shagonku, Bayarabiya haifaffiyar Agege da Hausa ta zauna a bakinta, ita ta zo makaranta ranar Asabar. Ta nuna mana cewa akwai tsarin madannai na Hausa a ciki tun asali, amma malamai suka ce wurin haruffan bai yi musu daidai da hannu ba. Sai ta buɗe fayil ɗin da ke tsara madannan, rubutu ne zalla da mutum zai iya karantawa, ta canza 'yan layuka, ta yadda idan ka danne maɓallin Alt na dama ka taɓa k sai ƙ ya fito, d ya ba da ɗ, b ya ba da ɓ. Ta miƙa wa malamar Hausa kujera ta ce, "Mama, gwada." Malama ta rubuta "ƙauye", ta rubuta "ɗalibi", ta rubuta "ɓera", ta tsaya tana kallon allo, sannan ta kira sauran malamai su zo su gani. Ba ta nemi izinin wani kamfani ba, ba ta jira sabon fito ba, kuma ta sa ɗalibanmu biyu sun maimaita gyaran a sauran injinan tana tsaye a kansu har suka iya.

Daga nan abubuwa suka biyo baya. Jan layin nuna kuskure da ke fitowa ƙarƙashin kowace kalmar Hausa ya fara raguwa, saboda malamai suna tara kalmomi a ƙamus ɗin LibreOffice, mu kwafi fayil ɗin zuwa sauran kwamfutoci. Kun sa wa ƙananan aji Tux Typing, wasan da kalmomi ke faɗowa daga sama yaro yana bugawa, muka cire jerin kalmomin Turanci muka zuba namu. Kun kuma kawo mana Alkalami, salon haruffan ajami da ƙungiyar SIL ta zana bisa rubutun hannu irin na Kano, wanda shi ma lasisinsa ya yarda a raba a gyara, sai dai ba a sayar da shi shi kaɗai. Dattijon da ke koyar da allo, wanda bai taɓa yarda ya shiga ɗakin kwamfuta ba, da ya ga an fitar da baitocin wa'azi da irin rubutun da ya tashi da shi, ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mana wasali biyu.

Na yaba muku kuma da ba ku ɓoye mana cikas ba. Tun farko ka ce tsohuwar firintarmu za ta iya ba da wahala, ta kuwa bayar, sai da kuka dawo kanta. Ka ce takardun da ake turo mana daga ofisoshi wani lokaci layukansu za su ɗan goce idan an buɗe, don haka abin da za mu aika waje mu mayar da shi PDF. Ka ce masu ɗab'i na Shomolu da manhajar zane ta CorelDRAW suka saba, kada mu yi mamaki idan sun nemi a canza musu fayil. Ka kuma karanta mana sashen lasisin da ya ce babu garanti, idan abu ya lalace babu kamfanin da za a kama. Mai neman ciniki kawai da ya tsallake wannan sashe.

Abin da ya fi girma a wurina shi ne ranar da kuka gama aiki, ka rubuta kalmar sirri ta mai kula da injinan a takarda, ka sa a ambulan, ka miƙa mini a gaban kwamiti, ka ce kayanmu ne. Ka ba mu filashi biyu masu ɗauke da komai, har da gyaran madannan da bayanin yadda aka yi shi. Ma'aji ya tambaye ka ko ba ka tsoron mu daina kiran ka, ka ce idan aikinka ya yi kyau za mu dawo da ƙafarmu. Mun dawo kuwa, kuma mun turo wasu.

Filashin nan ya yi tafiya. Wata makaranta a Mile 12 ta kwafa, malaminsu ya ƙara kalmomi masu yawa a ƙamus ɗin, musamman sunayen kayan gwari da na awo, ya dawo mana da shi ya fi yadda ya karɓa. Wani direban babbar mota da ya sauke tumatir ya tafi da kwafi Funtuwa wurin ƙaninsa mai koyarwa. Duk wanda muka ba muna gaya masa sharaɗin kamar yadda ka gaya mana, kuma muna bayarwa da rana tsaka, ba ma rage murya.

Ina da roƙo guda ga shugabannin makarantunmu na Legas da masu hannu da shuni da ke saya musu kwamfuta: ku ware kuɗin mai gyara da na koyar da malamai a cikin kasafin. Manhajar ba za ta ci muku ko kwabo ba, amma zama da malami har hannunsa ya faɗa aiki ne, kuma masu yin sa suna biyan hayar shago a Ikeja. Duk makarantar da ke son kwafi ta turo wakili da filashi mai gigabait 8 ko fiye, ranar Asabar bayan la'asar, ɗalibanmu biyu da aka koya wa suna nan za su loda masa, su nuna masa yadda ake sawa.

Injiniya, Allah ya saka muku da alheri, ya buɗa kasuwa, ya raya zuri'a. A gaishe mana da 'yarmu mai gyaran madannai, malamar Hausa ta ce tana jiran ta zo ta duba maganar harafin 'y, wanda har yanzu malamai ba su daidaita a kan maɓallin da za a ɗora shi ba.

Wassalam.

Shugaban makaranta, a madadin kwamiti da malamai da iyayen yara,
Agege, Legas.