Kwamfutar da za ta yi lissafi da igiyar maganaɗisu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan binciken kwamfutar da za ta yi lissafi da igiyar maganaɗisu, wanda ba kasafai jaridunmu ke taɓo shi ba, duk da yawan labarin ƙirƙirarriyar basira da ake bugawa.

Duk wanda wayarsa ta taɓa ɗaukar zafi a tafin hannunsa ya san matsalar. Kwamfutar yau tana lissafi ne ta hanyar tura ƙwayoyin lantarki cikin siraran hanyoyi, suna tafe suna karo, kuma karon nan shi ke haifar da zafin. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai, wato manyan gine-ginen da ke cike da irin waɗannan kwamfutoci, sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya.

To, a cikin maganaɗisu kowace ƙwaya tamkar 'yar allurar kamfas ce, wadda in aka karkata ta sai ta ja maƙwabciyarta, ita ma ta ja ta gaba. Kamar iska ce ta ratsa gonar gero: kowane kara yana nan inda aka shuka shi, amma sai ka ga kaɗawar ta kai ƙarshen gona. Wannan kaɗawa ita ce igiyar maganaɗisu, wadda masanin fiziks Felix Bloch ya bayyana tun 1930. Tunda ƙwayoyin ba sa barin wurinsu, saƙo na iya wucewa ba tare da wancan zafin ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda haɗuwar igiyoyin kanta take zama lissafi. A 2017 masana a Kaiserslautern ta Jamus sun gwada wata na'ura da igiyoyi uku ke shiga su cakuɗa, amsar kuma ta fito daidai da saƙon da ya fi rinjaye cikin ukun, aikin da a kwamfutarmu sai an haɗa tiransisto, wato ƙananan makunnan lantarki, da dama.

Sai dai da sauran rina a kaba. Mayar da lantarki igiya, a sake mayar da ita lantarki, yana cinye yawancin wutar da ake fatan ragewa, kuma a cikin ƙarfe igiyar kan mutu kafin ta yi nisan kaurin gashi guda.

Wannan giɓi ne nake so ɗalibanmu na fiziks su sani. Manhajar MuMax3 ta Jami'ar Ghent da ke Beljiyam, wadda ake kwaikwayon waɗannan igiyoyi da ita, kyauta ce, saboda haka ina roƙon shafinku na kimiyya ya gabatar musu da ita.

Naku,
Wani malamin kimiyya daga Zariya